Tuwon Gobe

Ranar da mutanen Kanyar Maje suka fita roƙon ruwa, ranar aka yi musu sata. Sun dawo daga fili rana ta take tsaka, riguna a juye, ƙafa ba takalmi, suka tarar da ɗakin ajiyar gari a wangale, an ɓalle kwaɗon, babu ko buhu ɗaya a ciki.

Abin da ke cikin ɗakin nan iri ne. Damina biyu a jere ruwa yana ɗaukewa gero na tsaka da fitar da kai, har mutane suka fara cin abin da suka ware don shuka. Da Dagaci Abdussalam ya ga haka sai ya bi gida gida ya tattara ɗan abin da ya rage, aka cuɗa shi da toka saboda ƙwari, aka ɗura a buhuna, aka kulle. Yara sun kwana da yunwa a gindin bangon ɗakin nan, amma ba uban da ya taɓa miƙa hannu. Wannan shi ne abin alfaharin garin a shekarar, ga shi an kwashe da rana kata.

Kafin a ce kwabo gari ya yanke hukunci: Kamilu mai majigi ne. Baƙo ne daga Rijiyar Zaki, ya zo da injinsa da wani farin ƙyalle yana nuna tsofaffin finafinan Turawa marasa launi, na ɓarayi da masu farautarsu. Mutanen ciki masu malafa ne da dogayen riguna, a wani birni da kullum ruwa ke zuba a titunansa. Tsofaffi da yawa ruwan kawai suke zuwa kallo. Su kuwa samari maganar suke bi, don Kamilu kan tsaya gefen ƙyallen yana juya zancen zuwa Hausa, muryar maza daban, ta mata daban. In gari ya waye ka ji maganganun a bakin rijiya da mahauta.

"Shi ya koya wa yaranmu sata, yanzu ya nuna musu a aikace!" in ji wani.

Da ƙyar Dagaci ya ƙwace shi daga hannun jama'a ya kulle shi a zaurensa. Lokacin soja ne, ɓarawon abinci in ya shiga hannun hukuma sai dai addu'a. Dagaci ya ce gobe da la'asar zai miƙa shi Bici, sannan ya aika a kira masa Ɗan'auta.

Ɗan'auta sunan yarinta ne da ya bi shi har furfura. Shi ne mai bin sawun yankin, kamar yadda ubansa ya kasance. Daga Bici har bakin Watari, in saniya ta ɓata ko an haura katanga, shi ake nema. Yana da wani abu guda da yake taƙama da shi: bai taɓa nuna mutum da yatsa ba sai ya tabbata, kuma bai taɓa janye yatsan ba bayan ya nuna.

Ya sa aka matsa da mutane baya, ya tsuguna a ƙofar ɗakin. An tattake wajen, amma a gefen bango akwai sawun jaki, da sawun takalmi sau-ciki mai zane a ƙasansa.

"Ka gani ko?" in ji Dagaci. "Duk garin nan wa ke da irin wannan takalmi in ba shi ba?"

"Ranka ya daɗe, takalmin nasa ne," in ji Ɗan'auta. "Ƙafar ce ban sani ba tukuna. Dubi nan. Dunduniya ta nutse, amma bakin takalmin ko taɓa ƙasa bai yi sosai ba. Wanda ya sa shi yatsunsa ba su kai ƙarshe ba. Kuma yana jan sa, kamar mai tsoron kada ya suɓuce."

Ya bi sawun jakin har ya shiga hanyar kasuwa, inda jakuna ba iyaka suka bi tun safe. Nan ƙasa ta yi shiru.

Mutum ɗaya ne bai je roƙon ruwa ba a unguwar, wata tsohuwa makauniya, Iya Kulu, da bukkarta ke kallon ɗakin ajiyar. Ita ce ta ce wa mutane ɓarawon ya yi mata irin maganar majigi, daga nan ba wanda ya tsaya jin saura. Ɗan'auta ya zauna a bakin tabarmarta, ya ɓare goro ya ba ta rabi.

"Iya, a faɗa mini yadda aka yi, sannu a hankali."

"Auta, kai kaɗai ka tambaya da ladabi. Na ji ana dukan ƙarfe, na ce wane ne? Sai aka matso, murya a shaƙe kamar an tura rawani a baki. Ya ce, ‘Rufe idonki, yarinya. Wanda bai gani ba shi ke cin tuwon gobe.’" Ta yi wata 'yar dariya. "Ni yarinya! Kuma in rufe ido, ni da Allah ya rufe mini tun kafin a haifi uwarsa."

"Haka ya faɗa? Tuwon gobe?"

"Kunnena ne idona, Auta. Ba ya ƙari, ba ya ragi."

"Kin gaya wa wani ƙarshen maganar?"

"Wa ya tsaya? Ina cewa majigi suka zuba da gudu."

"To ki riƙe ta a bakinki har in waiwayo ki."

Zargin Ɗan'auta ya fara sauka a kan Tasi'u mai jaki. Magidanci ne da 'ya'ya huɗu, amma ba shi da aiki sai kwaikwayon 'yan majigi, kuma ba wanda ya gan shi a filin roƙon ruwa. Ya same shi a bayan gida yana yi wa jakinsa ban ruwa.

"Ina ka je da safe?"

Tasi'u ya karkace hula, ya shaƙe murya. "‘Ban zo in tambaye ka ba, na zo in ji ko ƙaryarka ta nuna.’ Haka ɗan sandan ciki yake cewa, Baba. Da ka fara da ita da ta fi armashi."

"Zan fara da sandar nan in ba ka ba ni amsa ba."

Nan take hular ta koma daidai. Ya ce Watari ya je tun asuba, dakon tumatir ya yi wa masu noman rani, ladansa kwandon ruɓaɓɓe da matarsa ke shanyawa. Ɗan'auta ya ɗaga ƙafar jakin. Akwai baƙar laka ta bakin dam a cikin kofaton, ba ta gama bushewa ba. Ya dubi ƙafar Tasi'u, faffaɗa kamar faranti, ko da mai ba za ta shiga takalmin Kamilu ba.

"Ka san maganar nan ta rufe ido?"

"Wa bai sani ba? Shugaban ɓarayin ne ke gaya wa wata mai waƙa a cikin fim ɗin. ‘Rufe idonki, yarinya. Wanda bai gani ba shi ke ganin jikokinsa.’"

"Jikokinsa?"

"Ƙwarai. Duk nunin da aka yi ina gaba."

Ɗan'auta ya tafi yana juya abin a ransa. Ko dai kunnen Iya Kulu ya fara tsufa, ko kuwa akwai wata a ƙasa.

Kamilu a shagon gidan Sabo mai awo ya sauka, don haka can Ɗan'auta ya nufa ya ga inda takalmin ya kwana. Gidan ba baƙonsa ba ne. Hure matar Sabo yayar Ɗan'auta ce uwa ɗaya uba ɗaya, ita ta goye shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Takalmin na nan a bakin shagon, an jera shi tsaf.

Sabo na zaune a zaure a kan buzu. Gajere ne mai tsabta, wanda ya fi kowa ɗaga murya a masallaci kan a kori majigi daga gari. Hure ta kawo ruwa a kwanon sha, ta tsuguna gefe suna gaisawa da ƙanenta.

"Yaya Sabo, kai da ba ka son majigi, ya aka yi mai shi ya sauka a gidanka?"

"Ɗaki na ba shi, Auta, ban ba shi idona ba. Wallahi ban taɓa tsayawa na kalli shaiɗancin nan ba, ko na ƙiftawa. Ai ga irinta nan. Yara sun lalace, duk lungun da ka bi, rufe idonki yarinya, wanda bai gani ba shi ke cin tuwon gobe. Wannan tarbiyya ce?"

Ɗan'auta ya kai kwanon bakinsa, ya daɗe yana sha fiye da ƙishirwarsa. Ta saman kwanon ya dubi ƙafafun surukinsa a kan buzu. Ƙanana ne kamar na mace.

"An gan ka a fili kuwa da safe?"

"Na makara kaɗan. Jakina ne ya tsinke igiya."

Ya yi sallama ya fita. Bai iya haɗa ido da Hure ba.

Washegari da safe ya shiga wajen Kamilu. Leɓensa ya kumbura, rigarsa a yage, amma yana zaune a miƙe. Ya ce shi ma ya je roƙon ruwa ba takalmi kamar kowa, sai dai wa zai tuna fuskar baƙo a taron ƙauyuka biyar?

"Maganganun nan da kake yi, abin da Turawan ke faɗa ne?"

"Baba, Turancina bai wuce na tasha ba. Ina kallon idon mutum da yadda ya riƙe sigarinsa, in san abin da ya kamata ya faɗa. Bature ya yi hoto, magana tawa ce. Ka je ko'ina a ƙasar Kano, ba za ka ji mai yi kamata ba."

"To tsakanin jikoki da tuwon gobe, wacce ce taka?"

Kamilu ya ɗago da sauri. "A ina ka ji tuwon gobe?"

"Ni ke tambaya."

"Duka nawa ne. Amma tuwon gobe sau ɗaya na taɓa faɗinta, ranar da na iso, da na rufe ƙofa ina gwada inji. Da na fito na ga yaran garin nan, na ga wuyansu, sai na ce ba a yi wa mai yunwa wasa da tuwo. Na canja ta. Ba ta ƙara fita bakina ba."

"Wa ke tare da kai ranar gwajin?"

"Mutum ɗaya. Ya roƙe ni in nuna masa shi kaɗai, ya sa na rantse ba zan faɗa ba."

"Yau da la'asar za a kai ka Bici. Ka san abin da ke jiranka?"

"Na sani. Ni ɗan majigi ne, an ce ba ni da mutunci. To rantsuwata dai tana da shi."

Ɗan'auta ya dube shi da kyau. Ya shigo yana ganin ɗan tasha, ya fita yana ganin namiji.

Saura iri. Da sawun jaki ya ƙi, sai ya nemi wani sawun. A shekarar yunwa ba mai sanin inda hatsi yake kamar tururuwa. Ya zagaya bayan gari yana duban ƙasa har hantsi ya ɗaga, sannan ya ga layinsu, baƙi siriri, kowace da ƙwayar gero a baki. Ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya murza, toka ta fito a yatsansa. Layin ya kai shi tsohuwar marina da aka daina aiki a cikinta, ta mahaifin Sabo. An rufe bakin wani rami da kara da ƙasa. Ya ɗaga kara ɗaya, ya ga bakin buhu, ya mayar.

Ya zauna a gindin wata kuka. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, haka aka ce. Yana iya cewa ya tsinci iri, ɓarawo kuwa ƙasa ta haɗiye sawunsa. Gari zai yi murna, Hure ta zauna a ɗakinta da rufin asiri. Sai dai duk inda Kamilu ya shiga sunan ɓarawo zai riga shi isa, in ma an sake shi ke nan. Kuma shi Ɗan'auta zai ci gaba da gaisawa da mutane suna ce masa mai gaskiya. Ya tashi ya karkaɗe rigarsa.

Bayan azahar gari ya taru a ƙofar Dagaci, maza a gaba, mata daga baya ta jikin katanga. Aka fito da Kamilu. Aka zaunar da Tasi'u, aka jawo Iya Kulu, Sabo kuma yana sahun dattawa. Ɗan'auta ya tsaya a tsakiya ya dogara sandarsa.

"Jama'a, zan fara wata magana, ku ƙarasa mini. Rufe idonki, yarinya. Wanda bai gani ba…"

"Shi ke ganin jikokinsa!" Samari da magidanta suka amsa baki ɗaya, har da wasu dattawan da suka yi saurin sunkuyar da kai.

"Iya Kulu, haka ɓarawon ya ce miki?"

"A'a. Cewa ya yi shi ke cin tuwon gobe."

"Akwai wanda ya taɓa jin haka a filin majigi?"

Aka dubi juna. Tasi'u ya ce, "Ba a taɓa ba, Baba. In an yi da ni zan fara sani."

Ɗan'auta ya sa Kamilu ya maimaita abin da ya gaya masa da safe. Dagaci ya daka masa tsawa ya faɗi sunan mutumin, Kamilu ya ce a gafarce shi, ya rantse.

"Ranka ya daɗe, a bar shi da rantsuwarsa," in ji Ɗan'auta. "Ɓarawon ya ari takalminsa, ya ari maganarsa, don a ce shi ne. Abin da bai sani ba, maganar da ya ara mai ita ya riga ya jefar da ita. Da yana zuwa fili kallo kamar kowa, da ya sani. Ni kuwa jiya baki biyu na ji ta. Ɗaya na Iya Kulu." Ya juya wajen sahun dattawa. "Ɗayan naka ne, Yaya Sabo."

Sabo ya miƙe yana gyara babbar riga.

"Auta, ni? A gidana ka girma! Ƙarya kake yi, ban faɗa ba. Wa ya ji? Kawo shaida!"

Ɗan'auta shaida ɗaya gare shi, kuma ya riga ya yanke a ransa ba zai kira ta ba. Yana shirin cewa a kawo takalmin a gwada, sai murya ta taso daga jikin katanga.

"Ya faɗa. Ina tsugune a wajen, ni na kawo ruwan."

Hure ce. Mata suka dare, ta fito fili, mayafinta a kafaɗa.

"Malam, shekara da shekaru ban taɓa musa maka a gaban mutane ba. Amma cikin buhunan nan akwai mudun da na hana jikokina. Ƙanena kuma ba maƙaryaci ba ne, ni na raine shi."

Aka kawo takalmin, Sabo ya ƙi sawa. Da Ɗan'auta ya ambaci tsohuwar marina, sai Sabo ya zauna a ƙasa. Ya ce so ya yi in ruwa ya sauka ya fito da shi kaɗan kaɗan a kasuwar Bici, lokacin da iri zai fi zinariya. Ya ce shaiɗan ne.

Samari suka yunƙura. Ɗan'auta ya gitta sandarsa a gabansu.

"Jiya kun fasa bakin wanda bai ci ba bai sha ba. Ya isa. Wanda zai taɓa shi sai ya fara da ni. Akwai alƙali."

Ba wanda ya ƙara taku. Dagaci da kansa ya kwance Kamilu, ya ba shi haƙuri a gaban jama'a, abin da ba a taɓa ji ya yi wa wani ba. Aka ɗunguma marina, aka fito da buhunan a kafaɗa, mata na guɗa kamar ana kai amarya. Sabo aka kai Bici a madadin baƙon, alƙali ya ɗaure shi. Kamilu ya ƙara mako guda yana nuna majiginsa kyauta, sannan ya naɗe ƙyallensa ya yi gaba.

Hure kuwa ta rufe ƙofarta. Ɗan'auta ya je ya yi sallama har sau uku a ranaku daban daban, ba a amsa ba. Mutane na tare shi a hanya suna sa masa albarka, yana amsawa, amma abinci ba ya masa daɗi.

Ruwa ya sauka a ƙarshen watan, mai ƙarfi, har ƙasa ta sha ta ƙoshi. Dagaci ya raba iri, kowane gida ya karɓi rabonsa. Da sassafe Ɗan'auta ya fita gonarsa da sungumi, ƙwaryar iri a gefe. Matarsa ta daɗe da rasuwa, 'ya'yansa na birni, don haka shi zai sara, shi zai dawo ya zuba. Ko'ina ka duba gonaki cike suke da mutane, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika gari.

Ya kai rabin kunya ta farko sai ya ji motsi a bayansa. Hure ce, ta ɗaure zane a ƙugu, ta riga ta ɗauki ƙwaryar. Ta rame, idanunta sun faɗa. Ta jefa ƙwayoyi a ramin farko ta rufe da dunduniya, ta matsa na biyu.

"Yaya…" in ji shi.

"Ka tsaya kallona rana na yi?" ta ce, ba ta ko ɗago ba. "Sara, Auta. Ina bin ka."

Ya ɗaga sungumin.